Baba Warsame Mai Gyaran Tsirkiya

Duk wanda ya taɓa cin karo da motata ranar Juma'a a kan titin Gate City Boulevard ya san yadda muke zama. Ni a sitiyari, Baba Warsame a kujerar baya ya takure dogayen ƙafafunsa, abin kiɗansa kuma a gidan gaba, an naɗe shi da bargo, an ɗaura masa bel. In na ce, "Baba, dawo gaba mana ka miƙe ƙafa," sai ya ce, "Ɗan nan, ni in na faɗi zan tashi. Ita fa?"

Tun da aka yi sadakar bakwai kuke damuna in rubuta wani abu a kansa, wai ni na fi kowa saninsa. To ni dai ban yi boko mai nisa ba, kuma maganar sani, wallahi ban tabbata na san mutumin nan ba. Ɗaukarsa dai na yi a mota shekara da shekaru. Abin da na gani shi zan faɗa, wanda ya gane ya yi mini bayani.

Saboda waɗanda suka zo garin nan na Greensboro daga baya: Baba Warsame mutumin Somaliya ne, dogo, siriri, gemunsa ja jawur da lalle. Ƙofar afatimen ɗinsa na kallon tawa. Ninke tawul yake yi a wani otal har ƙarfinsa ya ƙare. Hausa kuwa a Jidda ya tsince ta, wajen tsofaffin matanmu masu sayar da abinci, shi ya sa kowa "ɗan nan" ne a bakinsa, har liman. In abu ya ba shi mamaki sai ka ji ƙaton dattijo mai jan gemu ya dafe ƙirji ya ce, "Ni 'yasu!"

Abin kiɗan nan, Larabawa na ce masa ud, mutanen Somaliya kuma kaban. Kamar rabin ƙaton duma yake, da gajeren wuya wanda ya karye ta baya, tsirkiyoyinsa bibbiyu. Shi dai Baba "ita" yake ce masa, har ni ma na saba. Ranar da na fara ganinta na ce, "Kai, Baba, wannan molon naka ya ci ya ƙoshi." Bai sake yi mini magana ba har muka je masallaci muka dawo. Da zai fita daga mota ya leƙo ta taga ya ce, "Molo kakanka."

Ya ce a Marka aka haife shi, bakin teku, wani mai shago ɗan Yaman ya koya masa kiɗa a ɓoye. Ya ce ya yi aiki a gidan rediyo a Mogadishu, ya hau babban dandali, an kai su Sudan, an kai su ƙasar Sin, manya sun miƙe masa tsaye. Ni kuwa na yarda. Kada ku tambaye ni dalili. Na dai ga mutumin da sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa katako, na ce wannan ba zai yi ƙarya a kan katakon ba. Sai na shiga bazawa a gari cewa maƙwabcina babban makaɗi ne.

Matsalar guda ɗaya ce: babu wanda ya taɓa jin ya kaɗa. Gyara dai yake yi. Ya taɓa tsirkiya, ting, ya murɗa 'yar kunnen da ke wuyanta, ya kanga kunnensa, ting, ya sake murɗawa. In ya gama sai ya ɗora hannu a kanta ya zuba maka ido, shiru. Kai kana jira, shi yana kallonka. Can sai ya yi ajiyar zuciya ya mayar da ita bargo.

Mista Bulus, abokina mutumin Jos mai buga fiyano a cocinsu, shi ya fara tsokanata. Ya ce, "Malam Sale, tsohon nan naka makanike ne, ba direba ba. Kullum yana ƙarƙashin mota, ba a taɓa ganin ya ja ta ba." Aka yi ta dariya a wajen wani suna. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na rantse da Allah gaban jama'a cewa sai Bulus ya ji kiɗan Baba da kunnensa. Wannan rantsuwar ce ta hana ni sakat, don a lokacin ni kaina ban taɓa ji ba.

Wata rana da rani, ana irin zafin nan mai danƙo, ɗan sanda ya tsayar da mu saboda fitilar baya ta mutu. Ya leƙo, ya ga abu a naɗe a kujerar gaba da bel, ya ce da Turanci, "Yaro ne wannan?"

Baba daga baya ya ce da Hausa, "Ta girmi ubanka."

Ɗan sanda ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce Allah ya yi maka albarka."

Na buɗe bargon. Mutumin ya ga abu na ƙyalli, fuskarsa ta saki, ya ce ko tsoho zai ɗan kaɗa masa? Murna ta kama ni, na ce yau dai zan ji. Baba ya fito, ya zauna a bakin kujera, ya fara. Ting. Murɗa. Ting. Motoci na wucewa, gumi na zubo wa ɗan sanda ta ƙarƙashin hula. Ya duba agogo, ya gyara tsayuwa, ya sake duba agogo. Daga ƙarshe ya ce mu wuni lafiya, ya shiga motarsa ya tafi, ko maganar fitila bai ƙara ba.

Baba ya ce, "Ka gani? Ta fitar da kai. Ka ƙara mata sanyin esi."

Sai maganar gashin tsuntsu. Na matsa masa da tambaya, ya ce ai abin da ke hana shi shi ne ba shi da abin kaɗawa na kirki, wai malaminsa da gashin gaggafa yake kaɗawa. Na ce in dai wannan ne, an gama. 'Yata Hauwa ta duba waya ta ce mini da Turancinta, "Baba, a ƙasar nan ko tsintar gashin gaggafa ka yi, laifi ne babba." Baba Warsame ya dafe ƙirji. "Ni 'yasu! Ƙasar da kowa ke da bindiga, gashin tsuntsu ne haram?"

Bayan kwana biyu muna ratsawa ta unguwar Sedgefield, ya hango dinyoyin nan masu baƙin wuya a bakin tafkin filin golf. Ya ce, "Tsaya!" Kafin in gama fakin ya fice, da zanen nan nasu na maza da silifas, ya nufi ciyawar mutane yana sunkuye yana tsince-tsince. Ashe akwai mai 'ya'ya a cikinsu. Jama'a, ban taɓa sanin tsuntsu na huci kamar kububuwa ba sai ranar. Ta miƙe wuya ta yo kansa. Baba ya tattare zane ya zuba da gudu yana, "Na shiga uku ni jikar mutum huɗu!" Turawa masu 'yan ƙananan motocin nan suka tsaya cak da sandunansu suna kallo. Ya faɗo mota, silifas ɗaya ya rage a can, amma gashi ɗaya na hannunsa.

Da muka dawo gida ya fere shi, ya gwada sau ɗaya, ya jefar. "Tsuntsun ba shi da tarbiyya, gashinsa ma haka."

Washegari na nemi butata na rasa, butar da aka kawo mini tun daga Kano. Na same ta a ɗakinsa, ya sa reza ya yanko doguwar siririyar roba daga jikinta. Na ce, "Baba! Butar alwalata?"

Ya lanƙwasa robar yana murmushi. "Shi ya sa. Roba ce mai tsarki."

Na yi asarar buta, kuma duk da haka bai kaɗa ba.

Akwai wata likita Baturiya da ke duba shi, ta ji labarinsa, ta gayyace shi gidanta a unguwar Irving Park ya yi wa baƙinta kiɗa da yamma. Gida ne wanda falonsa kaɗai ya fi afatimen ɗina da na Baba a haɗe. Aka jera kujeru, kowa ya yi tsit. Baba ya gyara tsirkiya, sai ya ɗaga yatsa ya ce akwai abin da ke gurnani. Firiji ne. Aka kashe. Ya ce saura. Aka kashe esi. Aka kashe ruwan da ke tsiri a tsakar gida, aka sauke agogon bango, aka fita da kare. Gidan ya yi shiru har kana jin cikin wani na ƙugi. Baba ya ɗora hannu a kan kaban, ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Suna murmushi, yana kallonsu. Ni ina bakin ƙofa ina karanta duk addu'ar da na sani.

Sai kawai ya naɗe ta. Ya je teburin abinci, ya zaro ayaba daga aljihu, don kun san ba ya cin komai sai da ayaba, har tuwon mai ɗakina da miyar kuka sai ya yanka ta a kai. Ya ci ya ƙoshi, ya yi wa matar godiya, muka fito.

A mota na ce, "Baba, don girman Allah me ya faru?"

Ya ce, "Ba kowa a gidan."

"Ba kowa? Falo cike da mutane?"

"Ba kowa, ɗan nan. Ja mu tafi."

Na yi ta juya maganar nan har na gaji. Na ce ko aljanu yake nufi, ko tsufa ne ya fara taɓa shi.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne bikin Hauwa, kuma da yawanku kuna wurin, ba sai na ɓoye ba. Na tambaye shi tun da wuri, ya ce, "In an yi biki na gaske, za ta yi magana." Na ɗauka alkawari ne. Muka kama hol, surukai suka zo daga Atlanta. Na karɓe makirufo daga hannun mai sa kiɗa na ce yau za a ji abin da ba a taɓa ji ba a Greensboro. Baba ya fito cikin fararen kaya, ya zauna, ya gyara. Mata sun fito da kuɗin liƙi suna jira ya fara wasa ango da amarya. Ya gama gyara, ya ɗora hannu, ya zuba mana ido. Mu ma muka zuba masa.

Can wata tsohuwa daga dangin ango ta gaji da shirun, ta rangaɗa guɗa. Wallahi na ga hannun Baba ya zabura, tsirkiyoyin nan suka bi guɗar a guje kamar an saki tantabaru. Tsigar jikina ta tashi. Guɗar na ƙarewa ya tsaya cak. Aka koma shiru. Sai muryar Bulus daga baya: "An tada inji, ya mutu!" Hol ya kwashe da dariya, mai sa kiɗa ya saki nasa, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata gaban surukai.

Juma'ar da ta biyo na ɗauke shi dai, don ba mai ɗaukarsa, amma ban ce masa uffan ba. Shi ma fushi yake yi, wai shi aka wulaƙanta. Kun ji fa!

Hajiya Faduma ce ta warware mini, 'yar ƙasarsu mai shagon shinkafa da naman akuya. Na je sayen nama na zazzage mata duk abin da ke cikina da guntun Turancina. Ta ajiye wuƙa ta ce, "A bikin, wa ya rera waƙa?"

Na ce, "Wa zai rera? Shi muke jira."

Ta riƙe baki. Ta ce Warsame bai taɓa waƙa ba a rayuwarsa. Shi mai bin murya ne. Mawaƙi ke buɗe baki, shi kuma ya bi shi da kaban, ya tare shi in zai faɗi, ya cike masa inda ya tsaya jan numfashi. Ta ce akwai wani mawaƙi da suka yi tashe tare tun suna samari, ba a jin ɗaya sai da ɗaya. Da yaƙi ya tashi suka fito tare, mawaƙin ya rasu a hanya kafin su kai iyaka. Tun daga nan Warsame ke gyara tsirkiya ya jira wani ya buɗe baki.

Na ce, "Hajiya, mu a wajenmu mai gurmi shi ke waƙarsa, mai kuntigi shi ke waƙarsa. In makaɗi ya zauna, naka shi ne ka yi shiru ka buɗe aljihu. To ku da kuka sani, me ya hana ku rera masa?"

Ta ce, "Mu? Mun san muryar da yake bi a da. Wa zai iya buɗe baki a gabansa?"

Kun ji abin da ya faru shekara da shekaru. Su kunya ta hana su, mu ladabi ya hana mu, Turawa kuma kare suka fitar.

Na wuce kai tsaye ɗakinsa da naman a hannu. Na ce, "Baba, ashe murya kake jira? Me ya hana ka faɗa? Baki gare ka!"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ana aron gishiri, ɗan nan, ana aron tsani. Murya ba a aronta. Kawo ta ake yi."

Na shiga neman mai waƙa. Mutanensu kowa ya noƙe. Mai ɗakina ta ce, "Da girmana, ina da suruki?" Bulus ya ce sabon uzuri ne, amma zai zo in hidimar coci ta lafa. Ana cikin haka ciwon zuciyar Baba ya tashi. Aka kwantar da shi, aka sallamo shi, likita ta ce a dai kula da shi a gida. Kun san abin da wannan ke nufi.

Wata Asabar bayan la'asar na je har gida na tasa Bulus a gaba na ce yau ko coci ta kama da wuta sai ya bi ni. Muka shiga. Baba na jingine da filo, ya rame har gemun ya fi fuskar. Na ɗauko kaban na ɗora masa a cinya. Ya ce a kawo ruwa da sabulu. Ya wanke hannu, ya gyara tsirkiya, ya daɗe ƙwarai. Sannan ya ɗago ya dube mu.

Na zunguri Bulus. Ya gyara murya, ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Sai ya raɗa mini, "Malam Sale, duk waƙoƙin da ke zuwa kaina na jana'iza ne."

Baba na kallonmu. Na ga hannunsa ya fara laluben bargo.

To ni kun san muryata. Ko iƙama aka ce in yi, yara dariya suke. Kuma ban iya waƙar kowa ba, sai wadda muke yi a tashar Funtuwa ina saurayi, in muna loda buhunan auduga, waƙar zagin buhu ce don ya yi nauyi. Na rufe ido na saki:

"Buhu ɗan banza, wa ya aiko ka?
Uwarka gona, ubanka sikeli."

Ban kai ƙarshen layin farko ba na ji wani abu ya shigo ta ƙarƙashin muryata ya ɗauke ta. Ban san yadda zan faɗa muku ba. In na hau inda bai kamata ba, sai in tarar kaban ta riga ni can tana jirana. In na faɗo, ta tare ni. Inda numfashina ya ƙare, sai ta ci gaba ita kaɗai, ta zaga ta zaga ta dawo ta ajiye mini waƙar a baki. Waƙar zagin buhu fa! Amma sai na ga tashar, na ga 'yan'uwan da muka yi dako tare waɗanda rabinsu sun mutu, na ga mahaifiyata ta kawo mini fura a kwanon sha. Na maimaita layukan nan biyu ban san sau nawa ba, don su kaɗai na tuna, kuma ko sau ɗaya Baba bai sake bi na ta hanyar da ya bi a baya ba.

Da na buɗe ido, Bulus na zaune a ƙasa dirshan, ya cire tabarau yana share fuska da hular sanyi. Baba ya jingina kai yana haki, yana dariya ba sauti.

Ya ce, "Ɗan nan."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Na bi muryoyi a duniya. Kowacce tana da hanya. Taka ce kaɗai sai da na shiga daji da ƙaya kafin in kamo ta."

Na ce, "To a daina?"

Ya ce, "Wa ya ce a daina? Sake zagin buhun."

Muka sake, har aka kusa magariba. A matakala Bulus ya riƙe hannuna. Sannan ya ce, "Na ji, Malam Sale. Na ji da kunnena. Amma don Allah kada ka ƙara waƙa gaban kowa in ba ya nan."

Ban ƙara ba kuwa. Baba bai kai wata Asabar ɗin ba, Allah ya ɗauke shi.

Har yanzu akwai abin da ban gane ba. Ƙofata na kallon tasa duk shekarun nan, kuma abin da yake jira yana cikin maƙogwarona, mummuna haka, ni ban sani ba, shi bai tambaya ba. Na gaji da tunanin, na bar wa Allah.

Ya Allah, ga baƙonka nan Warsame, ya yi nisa da gida, ya daɗe yana jira. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Ka haɗa shi da abokinsa da ya bari a hanya, a inda ba yaƙi ba gudu. Mu kuma da muka saura a ƙasar mutane, ka ba mu ikon buɗe baki tun maƙwabcinmu na da rai. Amin.